Hanyar da Ta Kai Maraɗi Ba Ta Kai Ni Gidan Tabawa Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da aikin sabuwar hanyar kan iyaka, reshen Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, na gida da waɗanda suka ƙetaro teku. Ina yi maka barka da aiki, da barka da ɗawainiyar jama'a. Allah ya sa gajiyar ta zama lada.

Ni ce Hajiya Yalwa, wadda mutanen Ƙofar Durbi ke kira Malama, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mai cin fansho, mai zaune ita kaɗai a gidan da mijinta ya rasu ya bar mata. Na shafe rayuwata ina rubuta wa hukuma rahoto da tsarin darasi, amma ban taɓa rubuta mata koke ba, kuma a da nakan yi wa masu yin hakan kallon marasa aikin yi. Yau ga ni a sahunsu. Na aika da saƙon baka ta hannun helman leburorinku, ya ce zai isar. Na aika da takarda a rufe, ba ta dawo da amsa ba. Shi ya sa na buɗe wannan a gaban jama'a, domin ko ba ka karanta ba, wani zai karanta ya ba ka labari.

Maganar gajeriya ce, ko da yake tsohuwar malama ba ta iya gajarta magana ba. Reshen hanyarku da ke ɗauko manyan motoci daga wajen Babbar Kasuwa ya bi ta ƙofar gidana. Kun ɗaga shi, kun zuba kwalta, kun kuma gina masa lambatu na kankare dama da hagu, kowanne zurfinsa ya kai ƙirjina, faɗinsa kuma ya fi ƙarfin takun mace mai shekaruna. Ba ku sa murfi a ƙofata ba, ba ku sa a ƙofar gidan da ke kallon nawa ba. A wancan gidan aminiyata Tabawa take kwance ba lafiya, kuma akwai alkawari tsakaninmu cewa wadda ta riga rasuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ina iya hango ƙofarta daga inda nake zaune ina wannan rubutu. Isa gare ta ne ya gagare ni. Ga bayanin dalla-dalla.

Na farko. Ba na cikin masu zagin hanyar nan, kuma ina so a rubuta haka kafin komai. Ranar da rediyo ya sanar cewa wani bankin ƙasashen waje ya ba da rance, gwamnati kuma ta ƙara daga kuɗin man fetur, don a haɗa kasuwanninmu da na maƙwabtanmu na arewa, ni na fara tafi a unguwarmu, ni kaɗai a tsakar gida. Da aka tara mata don a wayar musu da kai, ni aka gayyata. Na je da taswirata da sandar nuni, na tsaya na yi musu darasin labarin ƙasa, alhali yawancinsu sun baro tukunya a kan wuta. Kuma abin da na faɗa musu ya tabbata. Dabino da kanwa sun wadata. Shanun arewa suna isowa da kitsensu, ba kamar da ba da tafiyar ƙafa ke cinye su a hanya. Gero da siminti da kalanzir ɗinmu suna tafiya can, atamfa tana zuwa nan. Wata yarinya da na sha korawa bayan aji saboda lissafi ya gagare ta, yau ita ke aika kaya da tirela da sunan mijinta, kuma da salla ta aiko mini da turmin zane. Na karɓa, na ɗinka, na ɗaura. An mayar da tuƙi hannun dama don mu dace da maƙwabta, na koyi duba hagu kafin dama da furfurata, ban yi ƙorafi ba. An karɓe fam da sule an ba mu naira da kwabo, ban yi ƙorafi ba. Saboda haka, Yallaɓai, wadda ke yi maka magana ba maƙiyiyar ci gaba ba ce. Mai yi masa shela ce, kyauta, ba alawus.

Na biyu. Helmanku ya bayyana mini ƙa'idar raba murfin kankare, wato falan da ake ɗorawa a kan lambatu don a taka a wuce. Ya ce masu rancen don kasuwanci suka ba da kuɗinsu, don haka kowane murfi sai an nuna wace harka yake yi wa hidima: inda mota ke shiga, ko inda ake sana'a. A takarda ƙa'idar ba ta da laifi. Laifin yana wajen yadda aka yi tambayar. An aiko akawu namiji ya bi gida-gida. Namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure, a nan ya tsaya ya tambayi maigida ko ana wata sana'a a gidan.

Yallaɓai, in kai ɗan ƙasar nan ne ka riga ka san amsar. Wane magidancin Katsina ne zai tsaya a ƙofar gidansa, gaban baƙo da Bature, ya ce matarsa na soya ƙuli-ƙuli tana sayarwa? A kunnensa wannan daidai yake da cewa ya kasa ciyar da ita. Kowane ɗaya ya gyara zaman riga ya ce ba a komai a gidansa sai ibada da girki. A wani gidan ƙamshin man gyaɗa na dukan hancin akawun yayin da yake rubuta babu. A wani gidan sai da ya ɗaga murya saboda ƙarar dakan fura. A layinmu babu gidan da ba a yin wani abu: daddawa, taliya, ɗinkin hula, kitso, saƙa, kiwon tumaki. Amma da aka zo sa murfi, an sa wa gidan mai, an sa wa mai faci, an sa wa Alhaji mai mota, sauranmu kuma aka bar mu da rami.

Ina roƙonka ka yi tunani a kan wannan. Atamfar da tirela ke ɗaukowa daga Maraɗi, ba tirela ke shigar da ita ɗakin matan aure ba. Dillaliya ce, tsohuwa mai ƙunshi a ka, take bi gida-gida da ita, ta karɓo man gyaɗa a nan ta kai can. Samari suna tsallake lambatunku da gudu har suna mayar da shi wasa. Dillalai ba sa iyawa. Hanyarku ta ɗauko kaya daga wata ƙasa lafiya lau, ta zo takun ƙarshe ta yar.

Na uku. Gidana ba shi da namiji a zaure, don haka ni na fita da kaina. Wannan sashe ba ya yi mini daɗin rubutawa, amma maƙwabta sun gani, kuma gara ka ji daga bakina. Na sa tabarau, na yafa mayafin zuwa taro. Da na ga akwai Baturen injiniya a cikinsu, sai wani abu ya motsa a zuciyata, domin tun da na ajiye aiki ban sami wanda zan yi wa Turanci mai tsawo ba. Na gaishe shi, ya amsa, nan take na gane Turancina ya fi nasa, domin shi ma aro ya yi. Daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba. Na ba shi tarihin ayarin raƙuma daga Agadas, na ba shi labarin fataken gishiri da na fata, na nuna masa cewa Katsina na ciniki da hamada tun garinsu bai san kansa ba. Yana riƙe da ma'auni yana gyaɗa kai. Duk wannan lokaci leburori na kafa turaku suna ja musu igiya a daidai yatsun ƙafata. Na dubi igiyar, na yaba da miƙewarta. Ban tambayi me za a haƙa a wurin ba, balle in tambayi inda zan taka.

Sai akawun ya matso da ladabi ya yi mini tambayar da ya yi wa kowa. Na ji kamar ya zage ni. Na dube shi ta saman tabarau na ce masa nan gidan karatu ne, ba a talla a cikinsa, ba a taɓa yi ba. Ya rubuta abin da na faɗa, bai ƙara ba bai rage ba.

Ni ce mace ɗaya tilo a layinmu da bakinta ya isa kunnen ma'aikatanku a ranar. Na san kowace tukunya a unguwar da abin da ake dafawa a cikinta don sayarwa, domin da yawa daga matan ni na koya musu ƙidayar canji. Da na buɗe baki na lissafa, da yau maganar ta bambanta. Sai na ɓatar da damar a kan raƙuma. Na ɗauki rabona na abin da ya faru. Amma wautar tsohuwa ɗaya ba ta wanke tsarin da ya tambayi maza aikin mata.

Na huɗu. Bari in gabatar maka da Tabawa, tunda saboda ita nake damun ka. 'Yar Maraɗi ce, an kawo ta gidan da ke kallon nawa tana amarya, a shekarar da ni ma na tare. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta taɓa jin tsoron karatuna ba, abin da ya sa na daɗe ina jin haushinta kafin in gane ita kaɗai ce ƙawata. Dillaliya ce har ƙafa ta ƙi. Tun da tsohuwar da ke wanke matan unguwarmu ta rasu, mu biyu muka gaji aikin: ita ke zuba ruwa, ni ke wankewa, tare muke naɗa likkafani. Wata rana muna dawowa daga suturta wata maƙwabciya, ta tsayar da ni a tsakiyar wannan titi, lokacin yana turɓaya akuya na kwance a kai, ta sa na yi mata alkawari cewa ba hannun da zai taɓa jikinta sai nawa. Tana da dalilinta, na san shi, kuma ba abin sawa a jarida ba ne. Ni ma na karɓi irin alkawarin daga gare ta.

Da aka gama lambatun, sai muka koma gaisawa daga zaure zuwa zaure, muna ɗaga murya kamar masu kiran awaki. Ka san gaisuwarmu ba ta da gajarta. In tambaye ta kwana, tirela ta ratsa. Ta tambaye ni gajiya, wata ta ratsa. Kafin mu kai ga tambayar jikoki, ita ta amsa abin da ban tambaya ba, ni na yi godiya a kan abin da ba ta faɗa ba, masu zaman shayi kuma suna ta dariya a ɓoye. Na haƙura da wannan.

Bayan ƙaramar salla ciwo ya kwantar da ita. Da safe aka ba wani direba saƙo zuwa ga danginta. Kafin la'asar ƙanwarta Ramatu ta sauka daga mota a gabana, da kwandonta da cukunta, ta tattare zane ta tsallake lambatun, ta shige. A da wannan tafiya sai an yi shiri da guzuri, kuma sau da yawa sai dai a zo gaisuwa. Na shaida, wannan alherin hanyarku ne, Allah ya saka. Amma ka dubi yadda abin ya kasance: mace ta taso daga wata ƙasa, ta wuce kan iyaka, ta isa gadon Tabawa, ni kuwa da ke jin tarinta in gari ya yi shiru ina tsaye a zaure ina ɗaga hannu kamar mai rakiya a tasha.

Za a ce akwai zagaye. Akwai. In fita ta ƙofar baya, in bi lungu har gidan mai inda murfi yake, in ƙetare, in dawo ta ɗaya gefen. Na gwada. Na tashi da hantsi, na huta a dakalin mutane sau ba adadi, na isa ana shirin kiran azahar, gwiwoyina kuma suka kwantar da ni bayan haka. Yallaɓai, Musulmi ne kai ko ba Musulmi ba, ka zauna cikinmu ka sani: ba a ajiye gawa ana jiran tsohuwa ta zagayo ta gidan mai.

Na biyar. Da na ga haka sai na ce ilimi zai yi mini maganin abin. Ina da babban allo, wanda makaranta ta ba ni kyauta ranar sallamata, da shi nake koya wa matan aure karatu a gida. Na sa masu zaman shayi suka fito da shi suka shimfiɗa a kan lambatun ƙofata. Wani a cikinsu ya ce yana ganin ba zai ɗauke ni ba. Na bayyana masa cewa katakon zamanin Turawa ne, ba irin na yanzu ba, na kuma ƙara masa da bayani a kan yadda nauyi ke rarrabuwa. Na ɗora ƙafa da bismilla. Na kai tsakiya, allon ya yi ƙara irin wadda ban taɓa jin ya yi ba a duk shekarun da muka yi tare, ya rabe biyu.

Na sami kaina zaune cikin ruwan wanke-wanken unguwa, tabarau na rataye a kunne ɗaya. Wani direban tirela daga can ƙetaren iyaka ya taka birki, ya sauko, ya jawo ni yana ta kirana Madam. Sai dai ya fito da ni ta gefen kwalta. Ga ni tsaye a kan hanyar ƙasa da ƙasa, rami a gabana, rami a bayana, allo ya mutu, motoci na yi mini ham. Ba yadda na iya, masu shayin suka ɗauke ni cak kamar buhun wake suka miƙa ni ɗaya gefen. Ɗaya daga cikinsu mijin tsohuwar ɗalibata ne. Saboda tsabar girmamawa ya kawar da kai gefe duk lokacin da yake riƙe da ni, har saura kaɗan ya sake ni a rami na biyu.

Haka na shiga ɗakin Tabawa ina ɗiga. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe mai wankin nata ita ke neman wanka. Ramatu ta ba ni ruwa da zane. Mace ce mai kirki, kuma cikin kirkin nata ta ce kada in ƙara wahalar da kaina, ita ma tana wanke mata a can garinsu, in lokaci ya yi za ta tsaya a madadina. Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma faɗawa lambatu bai yi mini zafi kamar wannan magana ba. Hanyar da na yi wa shela ta hana ni wucewa, ta kuma kawo wadda za ta maye gurbina da mota. Tabawa ta juya fuska ga bango. Da na tashi tafiya ta kama wuyan hannuna ta ce, “Ke na ce, Malama. Ba Ramatu ba, ba kowa ba.”

An mayar da ni gida kamar yadda aka kawo ni, a hannun maza.

Na shida. Akwai masu ba ni shawara, kuma ya kamata in amsa musu a nan don kada su riga ni zuwa ofishinka. Ɗana babban ma'aikaci ne a Kaduna. Ya ce waya ɗaya zai buga, kafin mako ya zagayo an sa mini murfi. Na hana shi. Murfin da aka samu ta waya a ƙofata kaɗai zai sauka, unguwa ta riƙa kiransa murfin uwar wane, dillalai kuma su ci gaba da tsayuwa a bakin rami. Na yi shekaru ina hana iyaye nema wa 'ya'yansu maki ta bayan gida, ba zan nemi kankare ta nan ba. Ya ce to in komo Kaduna, ya tanadar mini ɗaki da fanka. Na ce fanka ba ta san sunana ba. Wasu sun ce in tattara in koma ɗakin Tabawa in zauna har abin da Allah zai yi. Ɗakin ya cika da danginta, wannan ɗaya. Na biyu kuma, ranar da na kwana a wani rufi ba nawa ba, ranar ɗana zai sami hujjar cewa ba na iya zama ni kaɗai, ya turo mota da kwaɗon rufe gida. Na san akwai girman kai a cikin duk wannan. Tabawa ta riga kowa faɗa mini, tun muna da haƙora. Amma girman kan nan shi ya tsayar da ni a gaban aji lokacin da ake cewa mace ba ta iyawa, kuma ban ga dalilin da zai sa in ajiye shi saboda rami ba.

Na bakwai. Tunda ƙa'ida ta ce sai inda ake sana'a, ina sanar da kai a hukumance cewa an fara sana'a a gidana. Na sari dabino da kanwa da cuku a hannun Ramatu, wadda direbobi ke kawo wa daga Maraɗi. Na fito da teburin da nake duba jarrabawa a kai na kafa a bakin zaure. Rabin allon da ya tsira na jingine shi a gefe, na rubuta da alli, da rubutun da sufetoci suka sha yabawa, cewa ana sayar da dabino da kanwa. Ni da kaina nake zama. Magidantan da suka ce ba a komai a gidajensu suna wucewa ta tsallake suna sunkuyar da kai, ban sani ba ko kunyata suke ji ko tasu. Ciniki ba ya tafiya sosai. Mai saye sai ya yi tsalle kafin ya iso, in ya iso kuma nakan tsaya gyara masa gaisuwa, dabinon ma rabinsa ni nake ci. Duk da haka kayana daga wata ƙasa suke zuwa, ta kan hanyarku, don haka in masu rance na neman shaidar cewa kasuwancin ƙasa da ƙasa ya bunƙasa, a turo su su ga shugabar makaranta tana korar ƙuda a kan cuku.

Saboda haka, Yallaɓai, ga buƙatuna.

Ɗaya, a sa murfin kankare biyu, ɗaya a ƙofata, ɗaya a ƙofar Tabawa, suna kallon juna. Ba alfarma nake nema ba. Na cika sharaɗi, ita kuwa ta cika shi tun kafin a haifi akawunku.

Biyu, a sake yin tambayar a duk layin, amma a aiko mace, ta wuce zaure ta shiga ciki ta tambayi matan da kansu. Akwai 'yan mata masu takardar shaida da za su iya, da yawansu ni na sa wa takardarsu hannu. Zan raka ta gida-gida ba tare da ko kwabo ba, muddin akwai inda zan taka, kuma na yi alkawarin ba zan ambaci raƙumi ba.

Uku, in kun zo rubuta wa masu rance rahoton amfanin da hanyar ta kawo, bayan kun ƙirga tireloli, ku ƙara layi ɗaya ku gaya musu cewa a garin nan kaya ba ya isa hannun mai shi sai ya hau kan tsohuwa. Watakila a hanya ta gaba, a wani garin, a tuna da ƙafa.

Ba na son in matsa maka da gaggawa, na san aikin hukuma yana da matakai, ni ma na sha sa mutane jira. Amma jiya Ramatu ta fito zaure ta yi mini alama da hannu cewa Tabawa ko kunu ba ya shiga cikinta. Na riga na haɗa ƙwarya da sabulu da ganyen magarya da turare, suna ƙarƙashin teburin dabino. In kira ya zo kafin murfinka, zan je. Zan zauna a bakin lambatun in zura ƙafa in sauka, in ratsa, in nemi wanda zai ja ni, in sake yin haka a na biyu, ko kuma a ɗauke ni kamar buhu a gaban duk wanda ke kallo. Tabawa za ta sami wankanta daga hannuna ko da da taɓo na isa. Wannan tsakanina da ita ne, ba na ɗora maka.

Abin da nake ɗora maka shi ne, ko an yi haka an gama, kada ka ce buƙata ta wuce ka fasa. Da damina wani dattijo ya rasu a gefenmu, na tsaya a zaure na ga yadda aka fitar da shi. Maza suka sauka cikin lambatun suka tsaya a ruwa, aka riƙa miƙa makara hannu da hannu, ta karkata har sai da wani ya tare kan da kafaɗa. Na yi rayuwata duka a miƙe, ban jingina da kowa ba, har ana yi mini gori a kai. Ina roƙon hukuma ta bar ni in fita daga gidana a miƙe.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya kiyaye direbobin da ke bin hanyar nan dare da rana, ya sa albarka a cinikin ƙasashen biyu, ya ba mu ikon biyan rancen ba tare da jikokinmu sun yi kuka ba. Allah ya ba mahaifiyarka, in tana raye, ƙafar zuwa inda take so, in kuma ta rigaye mu, ya haskaka kabarinta. Kai kuma ya ba ka tsufa mai kyau, da aboki a tsallaken titi, da abin takawa zuwa gare shi.

Wassalam.

Taka mai biyayya ga doka,
Hajiya Yalwa (Malama),
tsohuwar shugabar makaranta, mai sayar da dabino da kanwa,
Ƙofar Durbi, Katsina.